Me ya sa jerin rubutuna yake gocewa duk inda ƙ ko ɗ ya shiga layin kod?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja, na kuma haɗa wata 'yar ƙarama da harshen C don ta riƙa fitar da rasit a shagon yayana. Sunayen kayan da Hausa na sa su: gishiri, sukari, ƙwai, ƙuli-ƙuli, daddawa da sauransu. Matsalata ita ce jeri ba ya tsayawa. A cikin VS Code, editan da nake rubuta kod a ciki, duk layin da ke da ƙ ko ɗ sai ya ɗan goce daga 'yan'uwansa. Idan na kunna manhajar a taminal, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, farashin ƙwai sai ya koma hagu da gurbi ɗaya, na ƙuli-ƙuli da gurbi biyu. A laftof ɗin abokina mai Linux kuwa haruffan taminal duk sun wawware, wasu har sun hau kan wasu. An ce mini in bar haruffa masu lanƙwasa, in riƙa rubuta k da d kawai. Haka zan yi?

Amsa: A'a, ƙanena, kada ka yi haka. Wanda ya ba ka wannan shawara ya ga ciwon amma bai gano tushensa ba. Idan ka cire lanƙwasa jerin zai miƙe, amma ranar da ka rubuta "kasa" inda kake nufin "ƙasa", ko "bari" inda kake nufin "ɓari", ka lalata ma'anar bayananka saboda matsalar da take da gyara cikin minti goma. Kuma abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne da suka yi kama da juna. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Bari in fara da abin da ake nufi da font, wato salon zanen haruffa, mai faɗi ɗaya, wanda masu harkar ke kira monospace, domin daga nan komai yake tasowa. Idan ka taɓa ganin tafireta irin ta masu buga takardar koke a bakin kotu ko ofishin gidan waya, ka ga asalin abin. Duk maɓallin da mai bugun ya daka, keken yana matsawa da taku ɗaya daidai, ko i siririya ya buga ko m mai faɗi. Injin ba shi da hanyar sanin bambancinsu. Wasu tafiretocin haruffa 10 suke jerawa a inci guda, wasu 12. Saboda haka masu zana haruffa suka bi injin: suka yi wa i ƙafa da hannu don ta cika gurbinta, suka matse m don ta shiga nata. Courier, wanda Howard Kettler ya zana wa IBM a tsakiyar shekarun 1950, shi ne fitaccen misali. Kwamfuta ta gaji wannan tsari. Katin huji na IBM na 1928, wanda ake adana bayanai a jikinsa ta hanyar huda shi, jeri 80 gare shi, taminal ɗin VT100 na 1978 yana nuna jeri 80 da layi 24, kuma har yau ƙa'idar rubutun Python da ake kira PEP 8 tana cewa kada layi ya wuce harafi 79. Duk wannan gini an ɗora shi kan alkawari guda: harafi ɗaya, gurbi ɗaya. A zamanin ASCII, tsohon tsarin ba haruffa lamba a kwamfuta mai alamomi 128 kacal, alkawarin ma ya fi haka ƙarfi, domin bayit ɗaya, wato ma'aunin ajiyar bayanai a kwamfuta, shi ne harafi ɗaya, shi ne kuma gurbi ɗaya a kan allo. Ko wanne ka ƙirga, amsa ɗaya za ka samu.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ne suke raba waɗannan ƙirge-ƙirge uku. Yanzu akwai mai ƙirga bayit, akwai mai ƙirga haruffa, akwai mai auna faɗin zane a kan allo, kuma idan biyu daga cikinsu suka saɓa, kai kake ganin gocewa. Don haka kafin ka taɓa kowane saiti, ka matso kusa da allon ka dubi girman gocewar. Wannan ne gwajin da na fi dogara da shi. Idan gocewar ba ta kai gurbi guda ba, wato rabin harafi ko sulusinsa, matsalar font ce. Idan cikakken gurbi ne, ɗaya ko biyu cif, matsalar ƙirge ce a cikin kod ɗinka, kuma ko ka canza font sau ɗari ba za ta tafi ba. Idan tsalle ne babba a farkon layi, gurbi 4 ko 8, kuma yana bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, tab ne. Idan kuma gocewar tana ƙaruwa a hankali yayin da layi ke tsawo, awon edita ne ya saɓa da abin da ake zanawa.

Mu ɗauki na cikin VS Code. A Unicode, tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lamba, ƙ yana lamba U+0199, Ƙ yana U+0198, ƴ da ake rubutawa a Nijar yana U+01B4, babbansa U+01B3. Manyan Ɓ da Ɗ suna U+0181 da U+018A. Duk waɗannan suna rukunin da ake kira Latin Extended-B. Amma ƙananan ɓ da ɗ ba a can suke ba. Suna U+0253 da U+0257, cikin rukunin alamomin masana furuci, IPA Extensions. Wannan rabuwar tana da illa a aikace. Mai zana font don masu kod yakan cika haruffan Turai, ya tsaya. In ya ƙara himma ya shiga rukuni ɗaya ya bar ɗayan. Shi ya sa za ka iya samun font mai ƙ amma babu ɗ, ko mai babban Ɗ babu ƙaraminsa.

To idan edita ya zo zana harafin da font ɗinka ba shi da shi, ba ya tsayawa ya yi maka ƙorafi. Aro yake yi. Yakan duba font na gaba a jerin da ka ba shi, in bai samu ba ya roƙi Windows ko Linux ko macOS su ba shi duk wanda ke da harafin. Wanda aka aro ɗin sau da yawa ba mai faɗi ɗaya ba ne, irin na rubuta wasiƙa ne. Kuma ko da mai faɗi ɗaya ne, nasa faɗin daban. Mutane da yawa ba su san wannan ba: faɗi ɗaya a cikin gida ɗaya ne kawai. Harafin Consolas yana cin kusan kashi 55 cikin 100 na girman font, na Courier New da na DejaVu Sans Mono kusan kashi 60. A girman fiksel 14, wannan na nufin 7.7 da 8.4. Bambancin bai kai fiksel ɗaya ba, amma duk harafin aro yana tura sauran layin da wannan ɗan kaɗan, kuma layin bayani da Hausa yana iya ɗaukar haruffa masu lanƙwasa biyar ko shida. Idan ka lura sosai za ka ga harafin aron ma da kamanninsa daban: ya fi sauran kauri ko siranta, ko ya ɗan ɗaga sama da layi, kamar baƙo a sahun 'yan gida.

Kana iya kama shi da hannu. VS Code an gina shi ne kan injin burauzar Chromium, don haka kayan binciken burauza suna ciki. Buɗe akwatin umarni, ka nemi Developer: Toggle Developer Tools, ka zaɓi layin da ke gocewa, ka shiga Computed, ka gangara ƙasa zuwa Rendered Fonts. A nan zai gaya maka gaskiya: haruffa kaza daga wannan font, haruffa kaza daga wancan. Idan suna biyu ka gani, ka kama ɓarawon. Mai amfani da Emacs ya ɗora kan harafin ya danna C-u C-x =, zai ga lambar harafin da sunan font ɗin da ya zana shi. A Vim, ga yana nuna lambar harafi, g8 yana nuna bayit ɗinsa.

Gyaran shi ne ka sa font guda da ke da dukan haruffan a farkon jeri. DejaVu Sans Mono da Noto Sans Mono kyauta ne, kuma an yi su ne da niyyar ɗaukar harsuna masu yawa, da su nake fara gwaji. Saitin shi ne editor.fontFamily, misali:

"editor.fontFamily": "'DejaVu Sans Mono', 'Noto Sans Mono', monospace"

Ka kula da abu biyu a nan. Sunan da ke da tazara a tsakiya gara a sa shi cikin alamar zance, kuma dole sunan ya zo daidai da yadda na'urar ta san shi. Idan ka yi kuskuren harafi ɗaya, edita ba zai ce maka komai ba, zai tsallake zuwa na gaba, kai kuma kana zaune kana zaton sabon font kake kallo. Na biyu, taminal ɗin cikin VS Code yana da nasa saitin, terminal.integrated.fontFamily, idan an cika shi ba ya bin na edita.

Duk font ɗin da wani ya yaba maka, ko Fira Code, ko JetBrains Mono, ko Cascadia Code, ko Source Code Pro, kada ka karɓa da ka. Font yana da sigogi, wata sigar tana da harafin da ta baya ba ta da shi. Ina da wani ɗan fayil da nake buɗewa duk lokacin da na sauya font, layi huɗu ne kawai:

bbbbbbbbbb|
ɓɓɓɓɓɗɗɗɗɗ|
ƙƙƙƙƙƴƴƴƴƴ|
ƁƁƊƊƘƘƳƳ₦₦|

Kowane layi alama goma ne sai sanda. Idan sandunan huɗu suka tsaya a kan juna kamar an ja zare, font ɗin ya ci jarrabawa. In ɗaya ya leƙo waje, akwai aro a layin. Na sa alamar naira da gangan, domin ita ma, U+20A6, tana cikin waɗanda ake yawan mantawa, kuma kai da kake rubuta rasit za ka buƙace ta a kowane layi. A Linux akwai hanya mafi sauri, wannan umarnin zai lissafa maka duk font ɗin da ke da haruffan huɗu:

fc-list ":charset=0253 0257 0199 01b4" family

Yanzu na taminal, inda farashin ƙwai ya koma hagu da gurbi ɗaya cif. Wannan ba ruwan font. Ina da tabbacin ka rubuta wani abu kamar printf mai "%-12s" don sunan kaya ya cika gurbi 12. Matsalar ita ce printf na C ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa. A tsarin UTF-8, wato yadda ake adana haruffan Unicode cikin bayit, haruffan ASCII bayit ɗaya ne kowanne, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ bayit biyu-biyu ne, alamar naira kuma uku. Mu yi lissafin tare. "gishiri" harafi 7, bayit 7, sai printf ya ƙara tazara 5, jimla gurbi 12 a allo. "ƙwai" harafi 4 ne a idonka, amma bayit 5, sai ya ƙara tazara 7, abin da ya bayyana a allo gurbi 11. Ga gurbinka ɗaya da ya ɓata. "ƙuli-ƙuli" alama 9, bayit 11, tazara 1, a allo gurbi 10. Ga biyun. Ka ga lissafin ya fito daidai da abin da ka gani, ba saura.

Maganin a C shi ne ka daina barin printf ya yi maka cikon. A farkon manhajar ka kira setlocale da LC_ALL da zance fanko, don ta ɗauki tsarin UTF-8 na na'urar. Sannan ka juya sunan da mbstowcs, ka auna shi da wcswidth, wanda aikinsa ke nan: ya faɗi gurbi nawa rubutu zai ci a taminal. Sai ka buga sunan, ka bi shi da tazara 12 a debe abin da wcswidth ya ba ka. Wannan a Linux da macOS ke nan, domin wcswidth na tsarin POSIX ne. Akwai haɗari na biyu da ya fi gocewa muni: idan kana yanke dogon suna da "%.12s", yankan zai iya faɗawa tsakiyar ƙ, ya bar rabin harafi, sai ka ga alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u a ƙarshen sunan.

Da Python 3 ka rubuta da wannan bai same ka ba, domin len na "ƙwai" 4 yake bayarwa. Amma kada ka ɗauka Python ya tsira gaba ɗaya. Yana ƙirga lambobin Unicode ne, ba gurabe ba, kuma akwai inda su ma suke rabuwa. Masu aikin ƙamus da nazarin harshe sun san wurin. Idan ana nuna karin sauti da tsawon wasali a Hausa, akan ɗora 'yar sanda a kan dogon wasali, a kuma ɗora alamar karin ƙasa. Harafin a mai sanda yana da lambarsa guda, U+0101, amma a mai sanda da alamar karin ƙasa tare ba shi da lamba guda, sai an bi shi da U+0300, wadda alama ce mai hawa kan na gabanta, ba ta da gurbin kanta. Ido yana ganin harafi ɗaya, Python yana ƙirga biyu. Daidaita rubutu zuwa sigar NFC yana haɗe waɗanda ke da haɗaɗɗiyar lamba, sauran kuma sai ka auna su da kunshin wcwidth na Python. Emoji da haruffan Sinanci su kuma akasin haka ne, gurbi biyu suke ci. Har akwai wani rukuni da Unicode ta kira mai harshen damo a ƙa'idar faɗin haruffan Gabashin Asiya, wanda à da ā suke ciki. Idan wani ya sa ambiwidth=double a Vim ɗinsa, ko makamancin wannan a taminal, waɗannan wasulan sai su ci gurbi biyu-biyu, mai ƙamus ya rasa abin da ya sami jerinsa.

Tunda rasit kake yi, bari in faɗa maka abin da ke jiranka a gaba don kada ya zo maka ba shiri. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 yawanci harafi 32 suke ɗauka a layi, masu milimita 80 kuma 48 ko kusa da haka. Haruffansu a cikin injin suke, a tsofaffin tebura masu gurbi 256 irin su PC437, kuma babu ƙ a ciki. Idan ka tura mata bayit biyun ƙ, za ta buga alamomi biyu marasa ma'ana. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka zana rasit ɗin a matsayin hoto da font ɗinka mai kyau, ka tura hoton. Tsarin umarnin ESC/POS da yawancinsu ke bi yana karɓar hoto. Bugun yakan ɗan fi jinkiri, amma sunan kaya yana fitowa yadda mai shago yake faɗarsa.

Na laftof ɗin abokinka shi ne mafi sauƙi, amma yana koyar da wani abu mai amfani. Editoci iri biyu ne. Akwai masu jera haruffa kamar burauza, kowane harafi ya ci faɗin da zanensa ya zo da shi, irin su VS Code da Sublime Text da Notepad++. A cikinsu harafin aro yana tura na bayansa. Akwai kuma masu raga, wato taminal da duk abin da ke gudana cikinsa, kamar Vim da nano. Waɗannan sukan yanka allo gida-gida daidai wa daida, su jefa kowane harafi a gidansa, ko ya cika ko bai cika ba. Idan aka ba irin wannan font ɗin da ba mai faɗi ɗaya ba, sai i ta zauna ita kaɗai a tsakiyar fili, m da w kuma su fi ƙarfin gidansu su hau kan maƙwabci. Abin da abokinka yake gani ke nan. Ko dai ya zaɓi font na rubutun wasiƙa da kansa, ko saitin yana kiran font ɗin da ba a girka ba, na'urar ta cike gurbin da wanda ta samu. Ya buga fc-match monospace ya ga sunan da zai fito. Idan ba sunan font mai faɗi ɗaya ba ne, ya girka DejaVu Sans Mono, ya buga fc-cache -f, ya rufe taminal ya sake buɗewa. Idan kuma yana cikin masu ƙawata taminal da 'yan hotuna na Nerd Fonts, ya zaɓi sigar da sunanta ya ƙare da Mono, ita ce aka matse hotunanta su zauna a gurbi ɗaya.

Akwai na huɗu da ba ka ambata ba, amma zai zo maka: 'yar sandar rubutu mai ƙiftawa ta riƙa tsayawa a tsakiyar harafi, kuma abin ya ƙaru can ƙarshen dogon layi. Dalilinsa shi ne edita yakan auna faɗin harafi sau ɗaya ya riƙe, sannan ya riƙa ninkawa don sanin inda zai ajiye sandar. Ɗauki 7.7 ɗin nan na Consolas. Idan wani ɓangare ya riƙe 7.7, wani kuma ya cike shi zuwa 8, a jeri na 80 bambancin ya kai fiksel 24, wato harafi uku. Yakan faru idan ka haɗa laftof da wani allo mai girman nuni daban, ɗaya kashi 100 ɗaya kashi 125 ko 150, ko ka girka font alhali edita na buɗe. A VS Code fara da Developer: Reload Window don ya sake awo. In bai tafi ba, duba editor.letterSpacing ko wani ya taɓa shi, sannan ka gwada kunna editor.disableMonospaceOptimizations, wanda ke hana shi bin gajeriyar hanyar ninkawa. Masu saka editan Monaco, wato editan da ke cikin VS Code, a shafin intanet sun san wannan sosai, domin font ɗin yakan iso bayan an gama awo, shi ya sa aka tanadi remeasureFonts.

Haɗaɗɗun alamomi irin na Fira Code, inda != ke komawa alama guda mai kyau, ba sa ɓata jeri, domin an zana su su ci gurbi biyun da suka maye. Ni dai ina ba mai koyo shawara ya kashe editor.fontLigatures har idonsa ya saba da ainihin abin da yake bugawa.

Maganar tab ba ta da tsawo. Tab ba shi da faɗin kansa, umarni ne na "tsallaka zuwa tasha ta gaba", kuma kowane edita da inda ya kafa tashoshinsa. Taminal a kan 8 yake, VS Code yana zuwa da 4. Idan ka jera da tab a wani layi, da tazara a wani, zai yi kyau a wurinka ya wargaje a wurin abokinka. Python 3 ma ƙin karɓa yake yi, ya ba ka TabError. Kunna editor.renderWhitespace a kan all ka ga ɗigo da kibiya da idonka, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Makefile, fayil ɗin umarnin haɗa manhaja, shi ne kawai ba ya sasantawa, layin umarninsa da tab yake farawa.

Wanda ya fi cin raina shi ne harafin da ba a gani. Na taɓa kwana kusan rabin dare da wani ɗalibina kan layi guda da ya kwafo daga takardar darasi. A ido babu abin da ya raba shi da na samansa, mun goge mun sake dubawa, mun ƙirga tazara da yatsa a kan allo. Ashe ɗaya daga cikin tazarar ba ta kibod ba ce, U+00A0 ce, tazarar da manhajojin rubutu ke sakawa don kada layi ya karye a wurin. Faɗinta ɗaya da ta gaskiya, amma harshen kod bai san ta ba. Akwai kuma U+200B wadda ba ta da faɗi ko kaɗan, za ka danna kibiyar dama ka ga sandar ba ta motsa ba, sai a danna na biyu. Bayan da Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge suka nuna a 2021 cewa ana iya ɓoye mugun kod da irin waɗannan alamomi, a aikin da suka kira Trojan Source, VS Code ya fara zagaye alamomin da yake zargi da ɗan akwati. Wannan abu ne mai kyau, sai dai a foldar da ba ka amince da ita ba yakan zagaye duk abin da ba ASCII ba, har da ƙ da ɗ ɗinmu. Kada akwatin ya tsorata ka har ka goge su. Ka amince da foldar in taka ce, ko ka sa haruffan takwas cikin editor.unicodeHighlight.allowedCharacters, ka bar gadin yana aiki a kan sauran.

Sai alamar ɗauri ta 'y, wadda mu a Nijeriya muke rubutawa inda Nijar ke sa ƴ. Iri uku ne masu kama da juna: ta kibod U+0027, mai lanƙwasa ta manhajojin rubutu U+2019, da U+02BC wadda Unicode ta ɗauka a matsayin harafi. Ta kibod ita ce kuma alamar buɗe zance a Python da JavaScript da SQL, don haka 'ya'ya a cikin zance mai alama ɗaya zai karya maka layi. Yi amfani da alamar zance mai biyu a kod, a SQL kuma kada ka taɓa liƙa suna kai tsaye cikin umarni, ka miƙa shi ta gurbin da aka tanada. Ka zaɓi iri ɗaya a duk bayananka, in ba haka ba neman "'ya'yan itace" zai samo rabi ya bar rabi.

Idan wata rana ka sa ajami a cikin kod, ka sani shi nasa ya wuce batun faɗi. Haruffansa suna haɗuwa, suna sauya siffa bisa matsayinsu, kuma daga dama suke tafiya, don haka sandar rubutu za ta riƙa tsalle inda ya haɗu da boko a layi ɗaya. Font ɗin Alkalami da SIL ta yi bisa salon rubutun Kano yana da kyau ƙwarai, amma don karatu aka yi shi, ba don raga ba. Ni nakan ajiye irin wannan rubutu a fayil ɗinsa daban, kod ya riƙa kiransa da lamba ko laƙabi.

Haka nake so ka yi da sunayen kayan shagon ma. Ka fitar da su daga cikin kod zuwa fayil guda mai UTF-8, kowane kaya da layinsa, an rubuta shi da cikakkiyar Hausa. Sunayen da kake raɗa wa abubuwa a cikin kod ɗin, su ka bar su a ASCII, domin wasu kayan aikin har yanzu suna tuntuɓe a kan haruffa masu lanƙwasa. Daga nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya: buɗe fayil ɗin layi huɗun nan ka ga ko sanduna sun tsaya, sauya printf zuwa awon wcswidth, sannan ka sake buga rasit mai gishiri da ƙwai da ƙuli-ƙuli a jere. Idan farashin ukun suka sauka a jeri ɗaya a taminal, sai ka ɗauki laftof ɗin zuwa shago ka gwada da firintar kafin ka ce wa yayanka an gama.